Kafin Ka Sayi Injin, Ka Ji Abin Da Na Yi Wa Na Arzika

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Sama'ila,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kuma motarku ta sauke ku Sabon Birni ba tare da wata tangarɗa a hanya ba. Allah ya tsare ka a zaune da tafe, ya tsare yatsunka daga bakin ƙarfe, ya haɗa ka da mutanen kirki. Innarka tana gaishe ka, ta ce in gaya maka kada ka riƙa fita aiki da cikinka wayam. To, na isar da saƙo.

Ba labarin gida zan ba ka ba, don babu sabo. Yadda ka bar gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone, haka yake, damina ta biyu ke nan a jere. Ka san dalilin da ya sa muka rabu da bijiman noma tun suna da sauran nama a jiki, ka kuma san shawarar da aka yanke: a saya maka ƙaramin injin fere katako, irin wanda ake ɗauka a shiga ƙauye da shi, da fayafayan zarto, ka zauna a shagon Arzika ka koyi aiki da su.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A tasha, kana riƙe da jakarka, ka juyo ka ce, "Baba, in mun tahi Sakkwato wane iri za ni saye?" Na buɗe baki zan amsa, sai ka tare ni, "A'a, bari dai, ai Baba Arzika shina nan, shi za shi zaɓa mani." Na ce Allah shi kiyaye hanya, na juyo gida. Innarka ta ajiye mini tuwo, har ya huce ban taɓa ba. Ba zan yi maka kwana-kwana ba, kishi ne ya hana ni ci. Tun kana ƙarami nake ɗora hannunka a kan katako, amma da aka zo maganar inji, wani ne Baba. Abin da ya fi ci mini rai kuma shi ne kana da gaskiya, ya fi ni sanin inji. Sai dai akwai abubuwan da na sani waɗanda bai sani ba, don shi bai yi wautar da na yi ba. Cikinsu akwai ɗaya da nake tsoron in ka ji za ka daina kallona yadda kake kallona. Gara ka ji daga bakina.

Ni da Arzika wurin maigida ɗaya muka koyi aiki a nan Isa, a rumfar da ke bayan kasuwa, Allah ya jiƙan tsohon. Kowa ya san na fi shi hannu. Ni ake ba ƙyaure da gado, shi a ba shi wasa ƙarfe da kwashe dusar katako. In na fere katako da abin hannu, maigida yakan shafa da tafinsa ya kira Arzika ya ce ya zo ya gani. Na saba da haka har na ɗauka a haka za mu tsufa.

Sai aka shiga farin da aka yi kana goye. Aiki ya tsaya, Arzika ya bi 'yan kasuwa masu kai kaya Nijar, muka daina jin ɗuriyarsa. Da ya dawo, ya dawo da wani abu da bai fi akwatin tufafi girma ba, da ɗan janareta. Ya kafa shago a Sabon Birni, ranar kasuwa kuma ya ɗaure su a bayan babur ya zo Isa, ko ya wuce Kamarawa da Tozai. Katakon da zan yini ina daidaitawa ina gumi, shi sai ya tura ta nan ya karɓa ta can, sumul, kuma in ya tura goma duk kaurinsu ɗaya. Mutane suka riƙa taruwa kallo. Waɗanda suka saba tsayawa a rumfata su ce Malam Mamman ina aiki, suka koma tsayawa su tambaye ni ko Arzika ya iso. Ni kuwa sai in nuna musu da haɓa.

Wautata ta farko a kan faifan zarto ce. Ina da zarton inji da na haɗa da kaina a kan tebur. Ran nan na je gaishe da Arzika, baki yana gaisuwa ido yana ƙirga haƙoran faifansa. Ashirin da huɗu na samu. Da na shiga Sakkwato na ce wa mai shago ya ba ni wanda ya fi kowanne yawan haƙora. Mutumin kirki ne, ya ce, "Malam, tsaga za ka yi ko yanka?" Na ce, "Kai dai ba ni wanda yah hi haƙora." Ya dube ni, ya miƙo mai tamanin. Na taho da shi a cinya cikin mota ina shafa kwalinsa.

Na ɗaura shi, na kawo katakon maɗaci zan tsaga a tsawonsa. Ban kai kamu biyu ba hayaƙi ya tashi, gefen katakon ya yi baƙi ƙirin, injin zarton yana gurnani. Maimakon in tsaya sai na ƙara dannawa, don akwai mutane a bakin rumfa. Katakon ya dawo da baya ya same ni a haƙarƙari. Sati uku ina salla a zaune, na ce wa innarka sanyi ne.

Saboda haka, in mai shago ya tambaye ka tsaga ko yanka, ka tsaya ka amsa, ba raini ba ne. Tsaga katako a tsawonsa tana son haƙora kaɗan masu faɗin tsakani, don dusa ta sami wurin fita. Yanka a gicciye, da aikin da ake son bakinsa ya fita tsaf, su ne ke son haƙora da yawa. Ka sayi kowanne don aikinsa, kada ka ce ɗaya zai yi maka duka. Ka auna sandar da faifan zai zauna a kanta kafin ka bar shago, ramin tsakiya ya shiga daidai, babu lilo. Kada ka yarda wani mai walda ya ce zai faɗaɗa maka. Ka kwantar da faifan a kan gilashi ko tebur mai kyau ka danna gefe, in ya yi rawa ka mayar. Ka kuma tambayi inda ake wasa irin haƙoransa, don faifan da ba a iya wasawa a ƙasarmu kwanansa kaɗan ne. In kuwa ka ga hayaƙi, ka kashe inji ko da duk kasuwa ce ke kallonka.

Da mai hankali ne, a nan zai tsaya. Ni haƙarƙarina na warkewa na fara tunanin injin fere katako, kuma ba irin na Arzika ba, wanda ya fi nasa. Na sayar da 'yar gonar fadama da na gada wurin kakanka. Innarka ta ce, "Malam, mi kaka so da wanga abu cikin yunwa?" Na ce mata wannan maganar maza ce. Na sayo wani tsohon inji na baƙin ƙarfe, bakinsa ya kusa ninka na Arzika faɗi, sai da mutum huɗu suka sauke shi daga mota. Na zaɓi ranar kasuwa na kawo shi, kuma na sa direban ya bi ta gaban inda Arzika yake aiki. Ya ɗago ya duba, ya ɗaga mini hannu, ya ce Allah shi sa albarka. Har wannan addu'ar ta ba ni haushi.

Janaretana ya kasa tayar da shi. Na lallaɓa mai injin niƙa ya ja mini wuta daga nasa, ya tashi, sai muka tarar wuƙaƙensa sun dakushe, an wasa su har babu sauran abin wasawa. Na zaga Sakkwato rumfa rumfa, babu mai irin tsawonsu. Ko da ma an samu, ina aikin yake? A shekarar fari ba wanda zai yi hayar amalanke ya kawo maka katako gari. Ɗan aikin da ya rage yana can ƙauyuka, gyaran amalanke, bencin makaranta, ƙyauren wanda ya dawo daga cin rani, kuma wanda ya iya zuwa da injinsa shi ke samu. Ƙarfen nan da ka taso kana gani a zaure, wanda innarka ke shanya kuɓewa a kansa, shi ne. Na ce maka wani ne ya ba ni ajiya. Ba wanda ya ba ni ajiya, gonar kakanka ce.

To kai, in ka shiga shago, kafin ka tambayi komai ka sunkuya ka ɗaga injin da kanka. In ba za ka iya ɗora shi bayan babur kai kaɗai ba, ko da taimakon mutum ɗaya, ba naka ba ne. Faɗin bakinsa ya zama daidai da katakon da ake samu a kasuwanninmu, abin da ya wuce haka nauyi ne kawai. Ka sa a tayar da shi da janareta irin wanda za ka yi aiki da shi, ba da wutar shago ba, kuma a tura katako yana kai, don inji yakan yi kuka mai daɗi in ba abin da yake ci. Ka tafi da guntun katakonka daga gida, mai tauri, kada ka yarda da lallausan da suke ajiyewa don gwaji. In ya fito ka rufe ido ka shafa farkonsa da ƙarshensa, nan ne inji mara kyau yake cin rami. Ka girgiza teburinsa ka ji ko yana motsi. Maganar wuƙaƙe kuwa, kada ka yarda da "ana samu". A ɗauko maka na canji ka riƙe a hannu, da bel ɗinsa, ka haɗa ka saya tare. In akwai masu baki biyu, waɗanda ake juyawa in gefe ɗaya ya dakushe, su ka ɗauka. Kuma in ka fara aiki ka riƙa juya hannun injin kaɗan kaɗan, gara ka tura katako sau huɗu da ka tilasta masa sau ɗaya. Duk wannan Arzika zai iya gaya maka. Na dai so a ce ni na riga shi.

Saura wauta ta uku. Na ajiye alƙalami na tashi na yi alwala na dawo, har yanzu ban sami yadda zan faɗe shi da daɗi ba.

A waccan shekarar mutanen ƙauyuka da yawa sun rufe gida sun yi kudu, suna sayar da ƙyamare da tsofaffin katakai kafin su tashi. Mu kafintoci muna son irin wannan katako, ya bushe ya gama duk murɗewar da zai yi. Amma kowa ya san halinsa: yashi ya shige shi, kuma akwai ƙusoshin maƙera da kansu ya karye suka nutse ciki. Sai an kankare shi da buroshin ƙarfe, a bi duk inda tsatsa ta yi baƙin tabo, a zare ƙusa, kafin ya kusanci wuƙa.

Na sami aikin benci na wata Islamiyya a Tozai, suna so kafin a koma karatu. Da hannu ba zan gama ba, injina kuwa ka san halinsa. Dole na kai wa Arzika. Ina shirya katakan a rumfa, da hantsi, na ci karo da ƙusa a jikin wani tsohon ƙyauren ƙirya, kanta ya karye, ta nutse. Filaya tana hannuna, Sama'ila. Abin da ya rage in kama in zare. Sai na ajiye filayar. Na ɗauki wata ƙusa na ƙara kora ta ciki kaɗan, na kwaɓa dusar ƙirya da gam na cike ramin, na shafe, na murza ƙasa a wurin har ya saje da sauran. Na sa katakon a tsakiyar tari. Ba shaiɗan zan ɗora wa ba, da hankalina na yi, har ina jin daɗin yadda cikon ya fita.

Da na sauke katakan a gabansa ya ce, "Mamman, ka duba su?"

Na ce, "Na duba."

Ya ce, "To in kai ka duba, ba ni sake dubawa."

Turi na farko lafiya, na biyu lafiya. A na uku aka ji ƙas, kamar haƙori ya gamu da tsakuwa a tuwo, wuta ta yi tartsatsi. Ya kashe injin, ya buɗe, ya bi bakin wuƙar da babban yatsansa. Ya daɗe a sunkuye, sannan ya ce, "Tsohon katako ke nan. Allah shi kyauta." Ya rufe, ya tayar, ya gama mini aikina tas, har ya taya ni ɗorawa a amalanke.

Wuƙar da ta ci ƙusa takan bar gibi, kuma duk katakon da ya bi ta ƙarƙashinta sai ya fito da wani siririn layi a tashe, daga farko har ƙarshe. Ba shi da na canji, kuma sai an tsallaka iyaka ake samun irin nasa. Watanni ya yi yana bin kowane katako da hannu yana kankare layin, inda sauri ya kama shi kuma layin ya zauna. Na gan shi a bencin Tozai, na gan shi a ƙyauren wani mai shago a Kamarawa, na gan shi a teburin mai shayin tasha, inda nake ɗora kofina. Na yi zaton zan ji sanyi a raina. Na ji, na kwana biyu. Kuma ko mutum ɗaya bai dawo rumfata saboda haka ba, sun ci gaba da tambayata ko Arzika ya iso.

Darasin aiki a nan gajere ne. Kada ka tura tsohon katako a injinka don wani ya ce ya duba, ko da ni ne. Ka nemi maganaɗisun tsohuwar rediyo ka ɗaure shi da zare, ka ja shi a kan kowane katako, gaba da baya, inda ya tsaya ka tona. Ka ware tsofaffin wuƙaƙe don tsohon katako. In tsautsayi ya sa wuƙa ta yi gibi, ka kwance ɗaya ka ɗan gusar da ita gefe, don gibin kada ya zo wuri ɗaya da na 'yar'uwarta, layin zai ɓace. Arzika ne ya gano wannan dabarar daga baya, ni kuma na tsinta a bakin mutane. Ɗaya darasin, wanda ba na katako ba, ba ni da bakin koya maka shi. Zan dai ce in ka ga na kusa da kai ya samu, ka ji ƙirjinka ya yi zafi, ka ajiye kayan aiki ka fita daga rumfa har ya wuce. Ni ban fita ba.

Shekara goma sha tara ina zaune da cewa ba wanda ya sani. Muna haɗuwa a suna da jana'iza, mu gaisa hannu bibbiyu. Sai watan jiya da ya zo neman in ba shi kai. Kana gona ranar, kana duba ko akwai abin da za a tsira da shi. Ya zauna a bencin rumfa, innarka ta aiko da fura, ya ɗauki wata 'yar kujera da ka haɗa yana jujjuyawa.

Ya ce, "Mamman, ba ni yaron ga. Ni inji ni iya, amma hannu wurinka shike, kuma na ga ya ɗauko." Ya kurɓi fura, ya ƙara da cewa, "Ai wanda yac cike ramin ƙusar nan har nis shafa ban ji ba, ɗanai ba shi rasa hannu."

Da ƙyar na ce, "Yaushe ka sani?"

Ya ce, "Tun ranar. Gam ɗin bai ida bushewa ba, na ji warinai ga wuƙa." Ya yi 'yar dariya, ya koma tambayata ko an ga hadari ta wajen gabas.

Ka san abin da ubanka ya ce? Na ce furar ta yi tsami, bari a ƙaro ruwa. Mutum ya riƙe mini asiri shekara goma sha tara, bai gaya wa matarsa ba balle kasuwa, ya zo har rumfata yana neman ya koya wa ɗana abin da zai ci abinci da shi, ni kuwa abin da ya fito daga bakina maganar fura ce. Kuma da ya tashi na raka shi bakin hanya, abin da nake ji a raina ba kunya kaɗai ba ce. Har haƙurin nasa ƙyashi nake yi. Na fi shi hannu, amma wannan ma ya fi ni, kuma ba a sayar da shi a Sakkwato balle in je in nemo wanda ya fi nasa girma.

Ga abin da nake roƙonka, kuma ban taɓa roƙonka komai ba. Arzika ba ya karatun boko. Kafin ku hau motar Sakkwato, ka same shi shi kaɗai, ka karanta masa takardar nan daga inda na fara maganar tsohon ƙyaure har zuwa nan. Kada ka tsallake layi, kada ka gyara mini magana don ta yi daɗi. In za ka karanta, kada ka hau benci, ka zauna a ƙasa a gabansa, inda ya kamata a ce ni na zauna. In ka kai ƙarshe ka ce masa Mamman yana roƙon ya yafe masa. Na san ba daidai ba ne uba ya aiki ɗansa da irin wannan kaya, amma sau uku ina kaiwa tasha da niyyar zuwa da kaina ina dawowa.

Bayan haka, duk injin da ya nuna maka, ka gwada shi yadda na faɗa, in ya ci jarrabawa ka saya. Sannan ka rubuto mini, ko layi ɗaya ne, ka ba direban motar Isa. Ba sai ka ce komai a kan abin da ka karanta ba, ka ce dai kana lafiya. In motoci suka yi ta zuwa babu takarda, zan gane, kuma ba zan ga laifinka ba.

Allah ya kai ku Sakkwato lafiya ya dawo da ku lafiya. Allah ya sa wa injin albarka, ya raba shi da ƙusa, ya raba zuciyarka da irin ciwon tawa. Allah ya jiƙe mana ƙasa, ya mayar da waɗanda suka yi kudu gidajensu. Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mutum, ya bar ka da yatsunka goma har tsufa. Amin.

Wassalam.

Mahaifinka,
Mamman kafinta, Isa.